Ɗari da Ɗaya a Kowane Ƙulli

Duk Kukar Sabo, ƙauyen nan na arewa da Tsanyawa da gero yake shigowa har gindin katanga, babu wanda bai san Inna Larai da fantekarta ba. Tsohuwar fanteka ce mai murfi, fentinta duk ya zube, kuma ba a taɓa zuba tuwo a cikinta ba. 'Ya'yan tsamiya ne a ciki, guda dubu huɗu da ɗari huɗu da arba'in da huɗu. Idan abu ya tsananta a wani gida, ciwo ya ƙi jin magani, ko ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, matan unguwa sukan taru su yi wani salati da aka ce musu adadinsa ke nan, a zama ɗaya, babu ƙari babu ragi. Kowace ƙwaya salati ɗaya ce. Mai riƙon ƙwayoyin kuwa Larai ce, yau shekara arba'in da wani abu.

A hannun Goggo Asiya, ƙanwar uban mijinta, ta same su. A zamanin Goggo juye su ake yi a tsakiyar tabarma, kowa ta kai hannu ta ɗebi yadda ta ga dama. Mai saurin baki ta gama nata ta buɗe hira, mai nawa tana nan tana fama, yara suna wawura, wata ƙwayar ta maƙale a ƙugun zani ta bi mai shi gida. Larai tana amarya take kallon wannan sakaci, ranta yana tafasa, ba halin magana. Ranar da fantekar ta dawo hannunta, bayan an yi arba'in ɗin Goggo, ta zauna ta ƙirga. Babu guda sittin da uku. Kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba, don ta rasa gane shekara nawa aka ɗauka ana karanta abin a gutsure.

Ta jiƙa tsamiya ta cike giɓin, sannan ta ɗaura aniyar raba ƙwayoyin daidai wa daida, yadda kowace mace za ta san nata. A nan ne lambar ta fara nuna mata hali.

Larai ba ta taɓa taka ƙofar makarantar boko ba, a allo ma ba ta yi nisa ba, amma Allah ya ba ta yatsu masu naci. Rani guda cur ta yi tana kasa ƙwayoyin nan a tsakar gida. Ta kasa uku, ɗaya ta yi saura. Ta kasa biyar, saura huɗu. Bakwai, saura shida. Tara, saura bakwai. Goma ma da kowa yake ɗauka ita ce uwar rabo, sai ta bar mata huɗu a tafin hannu. Biyu ta yarda, huɗu ma ta yarda, to amma wace mace ce za ta iya salati dubu da ɗari da goma sha ɗaya ga girki yana jiranta? Ta ce to tunda huɗu ta shiga ai takwas ma za ta shiga. Ta ƙi. Mijinta, Malam Sabiru, Allah ya jiƙansa, ya dawo daga kai taki gona ya tarar da ita tana zagin 'ya'yan tsamiya, ya tsaya ya yi ta dariya har jaki ya kusa kuɓuce masa.

Sai da ta kai goma sha ɗaya sannan hannunta ya tashi wayam: kowane kashi ɗari huɗu da huɗu, ba ko ɗaya a gefe. Ta ninka, ashirin da biyu ma ta shiga. Ta sake ninkawa, kashi arba'in da huɗu, kowanne ɗari da ɗaya. Ita kuwa ɗari da ɗayar nan, babu irin lallashin da Larai ba ta yi mata ba, biyu-biyu, uku-uku, bakwai-bakwai, ta ƙi rabuwa ko ta halin ƙaƙa. Larai ta ce shi ke nan, mai hali irin wannan a bar shi a yadda yake. Ta yayyaga tsohon zani ta ɗaure ƙulli arba'in da huɗu, ɗari da ɗaya a kowanne. Tun daga ranar mata goma sha ɗaya take nema, kowace ƙulli huɗu, ko ashirin da biyu idan unguwa ta cika, kowace ƙulli biyu. Idan an gama an watse, ita kaɗai take bin ƙullin ɗaya bayan ɗaya tana jan ƙwayoyin biyu-biyu, sau hamsin, sai guda ɗaya ta rage ita kaɗai. Marainiya take kiranta, kuma sai ta gan ta take ɗaurewa.

Daga nan ta raba lambobin duniya gida uku. Akwai masu sauƙin kai, irin su sittin da ɗari da ashirin, duk wanda ya zo sai ya yanki rabonsa. Akwai masu taurin kai, irin su sha ɗaya da sha uku da ɗari da ɗaya, ba sa rabuwa da kowa. Sai kuma masu zaɓen mutane irin tata, a ido kamar kowa nata ne, a zahiri kuwa mutum ƙalilan take kulawa. Har mutane take aunawa da wannan ma'auni. Mijinta ta ce sittin ne, shi ya sa 'yan'uwansa suke aron garmarsa ba sa dawowa da ita. Maƙwabciyarta Falmata, wadda suka tsufa tare suna faɗa suna shiryawa, ta ce sha uku ce tsantsa.

Wata rana Malam Kamaruddeen na firamare ya ji labari ya zo gaishe ta. Ya tsuguna ya rubuta mata lambar a ƙasa da tsinke, huɗu guda huɗu a jere, ya ce ta duba, ko ta hagu aka karanta ko ta dama abu ɗaya ne. Ya ce masu taurin kan nan ma suna da suna a littafi, ya faɗa da Turanci.

"To Malam, sunan zai sa ta rabu?"

"A'a, Inna."

"Ashe ba ku fi ni da komai ba," in ji ta, ta tura masa kwanon fura.

Abin da ya fi cin ranta tsawon shekarun nan shi ne babu wadda ta taɓa ɗaukar ɗayar nan da muhimmanci. "Haba Larai, a kan ƙwaya ɗaya!" Wannan magana ta ji ta har ta gaji. Ta bi mace har ɗaki ta zazzage mata zani a kan ƙwaya ɗaya. Ta taɓa tsare kazar Falmata kwana guda a akurki don zargin ta haɗiye ƙwaya, har suka yi wata ba sa gaisawa. Ana yi mata dariya a bayan ido, ta sani sarai, amma idan ta ɓaci ƙofarta ake bugawa.

Bana sai ta ɓaci a ɗakinta. 'Yar autarta Ramlat, mai 'ya'ya uku, maƙoƙo ya girma a wuyanta har numfashi yana yi mata wuya, likitoci a Kano suka ce sai an yi aiki. Suka sa ranar Talata, ƙarfe biyu na rana. Kwana tara Larai ta yi a asibiti tana jinya, kuma duk sanda ta kalli wuyan 'yarta ta tuna wuƙa za a sa a wurin, sai ta kau da kai. Ba ta san magani ba, ba ta jin abin da likitoci suke faɗa, ko takardar da ake miƙo mata sai ta nemi mai duba mata. Abu ɗaya ta iya a duniya, kuma shi ta ƙudurta: a cika adadin nan cif kafin wuƙa ta taɓa Ramlat. Ta bar ɗanta Uwaisu a wurin, ta sa ya kira gida a tara mata mata goma, ita ce ta sha ɗaya. Talata ana idar da sallar asuba ta nufi tasha.

Motar ba ta cika da wuri ba. Da ta cika, direba ya tsaya shan mai, ya tsaya ɗaukar buhunan taki, ya tsaya gaisawa da wani abokinsa kamar shekara suka yi ba su haɗu ba. Larai ta yi magana tun tana yi a hankali har fasinjoji suka fara ba ta haƙuri. Sai wajen takwas da rabi ta sauka daga babur a ƙofar gida, ƙafafunta duk taɓo.

Ta tarar da mata goma sha ɗaya a tsakar gida, da ita sha biyu.

"Goma na ce! Goma! Wa ya ƙara?"

"Ni na taho da ƙanwata," in ji Falmata. "Albarka ce ta ƙaru, mene ne na faɗa?"

"Sha biyu ba ta shiga, Falmata. Shekara arba'in ina gaya miki."

Aka danƙa wa baƙuwar jarirai biyu ta koma zaure da su tana ƙunƙuni. Larai ta sa kowa ta kashe waya, don wannan dokarta ce tun da wayoyi suka shigo gari, sannan ta ce a kawo fanteka.

Juwairiyya ce ta kawo, matar Uwaisu, 'yar Gezawa, wata bakwai da tarewa. Yarinya ce mai hankali da tsabta, ta gama sakandare, tana da keken ɗinki, kuma a gidansu ba a yin wannan karatu, ba ta taɓa ganin an yi ba. Da Larai ta ɗaga murfi sai ta ga babu tsummokaranta. 'Yan jakunkuna ne na ragowar atamfa, an yi musu bakin zuge da zare, an jera su reras.

"Tsummokaran sun ruɓe, Inna, ɗaya ma ya fashe ina share ɗaki. Shi ne na ɗinka miki waɗannan."

Larai ta ce hm. A ranta abin ya burge ta, ba ta dai faɗa ba. Ta ƙirga jakunkunan, arba'in da huɗu. A ƙa'idarta, duk abin da wani hannu ya taɓa sai ta bi shi ƙwaya-ƙwaya kafin a fara. Ta ɗaga kai ta dubi rana, ta tuna matan nan dole su tashi kafin azahar su kai wa mazansu abinci gona, ana tsakiyar noman maimai. Ta raba huɗu-huɗu, ta ce bismillah.

Ba a taɓa yin zama mai kyau irin na ranar ba. Babu wadda ta yi hira, babu wadda ta yi gyangyaɗi, Falmata ma bakinta bai huta ba sai dai da salati. Ramlat 'yar kowa ce a unguwar. Sha biyu saura aka shafa addu'a, mata suka ajiye jakunkuna suka fice da sauri, kowa tana Allah ya sa a yi a sa'a. Falmata kaɗai ta rage, tana murza gwiwarta da ta sage. Larai ta ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta, karo na farko cikin kwana tara. Tana zaune a inda take ta jawo jaka ɗaya ta zazzage a faifai, ta fara ja biyu-biyu.

Ta ja na hamsin, faifai ya tashi babu komai.

Ta duba ƙarƙashin faifan, ta girgiza jakar, ta shafa tabarma. Ta ce wata ce ta yar. Ta zazzage ta biyu, hamsin cif, babu marainiya. Ta uku ma haka. A ta huɗu ta ɗaga murya.

"Juwairiyya!"

Yarinyar ta fito daga madafa da ludayi a hannu.

"Da kika sake jakunkunan nan, kin taɓa 'ya'yan?"

Fuskar Juwairiyya ta washe, irin ta wadda aka zo kan abin da take jira a yaba mata. "Na ƙirga miki su duka, Inna. Na ga kowanne ɗari ne da ɗaya a kai. Na ce ɗayar nan ta ko-ta-kwana ce, idan wata ta ɓata a cike da ita. Kada a ruɗe a haɗa da ita a karatu, shi ne na ware su daban, na bar ɗari-ɗari daidai kamar carbi."

Ta shiga ɗaki da sauri ta fito da gwangwanin madara, an wanke shi tas, ta durƙusa ta ajiye. Ƙwayoyin suka yi 'yar ƙara a ciki.

"Ko-ta-kwana," in ji Larai a hankali. Sai kuma muryar ta fashe. "Ko-ta-kwana! Wa ya aike ki? Rani guda na yi kafin na gano ɗayar nan, ke kin zo da keken ɗinki kin gyara mini a yini ɗaya! Dubu huɗu da ɗari huɗu muka karanta, kin ji? Arba'in da huɗu babu! Mata sun watse, 'yata tana can za a yanka mata wuya, ni kuma ina nan ina murna na cika!"

"Wallahi Inna ban sani ba, babu wanda ya taɓa gaya mini jimillar..."

Gaskiya ta faɗa, kuma wannan ne ya fi ƙona ran Larai. Babu wanda ya gaya mata. Ita ce ba ta gaya mata ba, ita ce kuma ta ga baƙon hannu a fantekarta ta ƙi dubawa. Ta rasa wanda za ta kama, ta bugi cinyarta, hawayen takaici suka zubo.

"A aika a kira su mana," in ji Falmata.

"Sun tashi. Zama ɗaya aka ce. In an kira su daga farko za a soma, kuma wa zai ba ni mata goma yanzu, tukwane suna kan wuta?"

Sai Larai ta dubi tabarmar da take kai. "Ni dai ban tashi ba. Ko na tashi, Falmata?"

"Ban ga kin tashi ba."

Ko hakan ya isa a ce zaman bai katse ba, Larai ba ta sani ba, kuma babu malamin da za ta tambaya a wannan tsakar rana. Ta juye gwangwanin a faifai, ta share fuska da gefen mayafi, ta fara. Zuciyarta ba ta natsu ba ko kaɗan. Bakinta yana salati, ranta yana faɗa da direba, da Falmata, da 'yar Gezawa, da kanta.

Juwairiyya tana gefe tana sheshsheka. Ta kunna wayarta don ta ga ko ƙarfe nawa, ko haske bai gama kawowa ba kiran Uwaisu ya shigo. Larai tana kan ƙwaya ta goma sha tara ta ɗaga hannu alamar kada a yi mata magana, amma kunne ba shi da murfi. Ta ji yarinyar tana "Na'am? Da gaske? Ta farka?" sai kuma "Alhamdu lillahi" da ƙarfi, Falmata ta rangaɗa guɗa daga zaune. Ƙwayar ta suɓuce daga yatsun Larai. Ta laluba ta ɗauko ta, ta ci gaba, hawaye suna ɗiga a kan faifai, har ta tura ta arba'in da huɗu gefe.

"Me ya ce?"

"An gama, Inna, lafiya ƙalau, har ta buɗe ido. Wai wadda za a fara yi wa ce ba ta samu masu ba ta jini ba, sai aka shiga da Anti Ramlat a madadinta. Tun ɗazu yake ta kira, wayoyinmu a kashe."

"Ƙarfe nawa aka shiga da ita?"

"Tara."

Larai ta kifa goshinta a tabarma, ta daɗe a haka kafaɗunta suna rawa. Da ta ɗago, Falmata tana kallonta, bakin nan nata ya kasa rufuwa.

"To, Larai! Ashe ɗari-ɗarin ma tana aiki. Shekara arba'in kina cin ranmu a kan ƙwaya ɗaya, har kazata kika ɗaure!"

Larai ta jawo faifan gabanta. Ta san Ubangiji ba mai awon hatsi ba ne da zai ƙi karɓa don mudu bai tumbatsa ba, wannan ba yau ta san shi ba. Ta kuma san kafin magariba labarin nan ya zaga Kukar Sabo, kuma daga yau duk wadda ta bi a kan ƙwaya ɗaya, da Ramlat za a rufe mata baki. 'Yarta ta tashi, ba abin da ya fi mata wannan, ga daɗi har wuya, ga haushi yana cin ta, ta rasa inda za ta sa kanta.

Juwairiyya ta matso a hankali ta durƙusa. "Ki yafe mini, Inna. Amma don Allah, ba gardama nake yi ba, so nake na sani. Ɗayar nan dole ce?"

Larai ta dube ta. Tun da take, ba a taɓa yi mata tambaya a kan lambar nan ta rasa amsa ba. Ta dubi ƙwayoyin da ke faifai, ta dubi jakunkunan atamfa a tule, ta ja majina. Ta tura faifan gaban yarinyar.

"Kwance jakunkunan ki mayar musu," in ji ta. "Ɗaya-ɗaya. Ina kallonki."